Farautar Ƙwaro a Cikin Manhaja: Sana'ar da Ba Ta Yarda da Zato

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Gulma ya san irin shirun da kan biyo bayan mutuwar injin ban ruwa. Rana ta take, shinkafa na jiran ruwa, mai gona ya ja igiya har kafaɗa ta gaji, inji ya ƙi tashi. A nan ake gane bambancin bakanike da bakanike. Wani da zuwansa sai ya hau kwance-kwance, ya canja wannan ya canja wancan, ko Allah zai sa a dace. Wani kuwa sai ya tsuguna, ya cire fulogi, ya jingina shi da ƙarfen inji, ya ce a ja igiya. Tartsatsi ya bayyana. Sai ya ce, "Da wuta ce ta ɗauke, da ba mu ga wannan ba. Tunda mun gani, ba wuta ba ce." Ya mayar da fulogi, ya koma kan mai. Bai sa an sayi komai ba, bai ɓata komai ba, amma abubuwan da ake tuhuma sun ragu da ɗaya.

Wannan 'yar magana da bakanike ya yi a bakin rijiya ita ce ginshiƙin wata sana'a da nake ganin girmanta ƙwarai, wato gano kuskure a cikin manhajar kwamfuta ta hanyar hujja. Masu aikin suna kiran irin wannan kuskure ƙwaro. Sunan ya daɗe a bakin injiniyoyi, amma ya ƙara shahara bayan ranar 9 ga Satumba, 1947, da ma'aikatan wata ƙatuwar kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka suka zaro wani ƙwaro irin mai bin fitila daga cikin na'urarsu, suka manna shi a littafin aiki. Ƙwarin yau ba su da fiffike. Sau da yawa kalma ce guda da ta zauna ba a muhallinta ba a tsakiyar dubban layuka, kwamfuta kuwa tana bin ta sau da ƙafa, don ita ba ta san nufi ba, abin da aka rubuta kawai ta sani.

Saƙon da ya ɓata wa dattijo rai

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman shinkafa a wannan kwari ya zama harkar rajista da lissafi. Ƙananan ƙungiyoyin manoma ma sun ɗauki salon: a ba mutum iri da taki da kuɗin mai bashi, in an yi girbi ya biya, ko da kuɗi ko da shanshera. Wata irin wannan ƙungiya ce ta roƙi 'yar ƙanwata, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ta rubuta musu ƙaramar manhaja. Aikin ba shi da yawa. Magatakardan sito ya shigar da abin da kowa ya kawo a wayarsa, wayar ta tura bayanin zuwa rumbun ajiya a intanet, in wa'adi ya cika manhajar ta aika saƙon tes ga waɗanda ba su kawo komai ba.

Ranar da saƙon farko ya fita, kafin la'asar ƙofar ofishin ƙungiya ta cika. Wani dattijo ya miƙa mata wayarsa ya ce, "'Yata, na tsufa ina cin bashi ina biya, ba a taɓa aiko mini ɗan aike ba. Buhu goma sha biyu na kai sito da kaina. Yau ga waya tana cewa ba a ga komai daga gare ni ba." Wasu suka ce netwok ne. Wasu ba su ce komai ba, sai dai idanunsu suka koma kan magatakardan sito, yaro matashi, wanda ya tsaya a gefe riƙe da littafin awo. Kowa ya san me wannan kallo ke nufi. Abin da ya ƙara ɗaure kai, akwai waɗanda suka biya kuma saƙon bai zo musu ba.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka ba ni zuwa magariba. Ba zan ce ga mai laifi ba sai na iya nuna shi." Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta buɗe kwamfuta ba. Takarda ta ɗauka da biro.

Ƙofa huɗu

Ta ce da ni, "Kawu, daga sikeli zuwa wayar Baba, bayani na bi ta ƙofa huɗu ne. Magatakarda ya shigar, waya ta tura, manhaja ta yanke hukunci, sannan a aika saƙo. Lalle ɓarnar tana ɗaya daga cikinsu." Ta jera su a takarda, ta rubuta wata magana mai "da" a gaban kowace.

Da magatakarda bai shigar ba, da buhunan Baba ba su cikin wayarsa. Aka buɗe wayar, ga buhu goma sha biyu da ranar da aka auna su. Ta ja layi a kan ƙofar farko. Na ga yaron ya sauke numfashi.

Da netwok ne ya riƙe bayanin, da bai isa rumbu ba kafin saƙo ya fita. Ta duba rumbun, ba ta kuma tsaya ga ganin bayanin kawai ba, sai da ta duba lokacin isarsa: kwana tara kafin saƙon. Ƙofa ta biyu ta rufe.

Da lambobin waya ne suka cakuɗe, saƙon wani ya faɗa wayar Baba, da sunan da ke ciki ba nasa ba ne. Aka karanta, sunansa ne. Ƙofa ta huɗu ta rufe.

Shugaban ƙungiya bai gamsu ba. Ya ce, "Duk sanda netwok ya lalace sai an sami irin wannan rikici. Ga rikici kuwa. Ai netwok ne." Ta amsa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, in gulbi ya yi ambaliya fadama za ta jiƙe. Amma wanda ya tarar da fadama a jiƙe ba zai rantse ambaliya aka yi ba. Ruwan sama na jiƙa ta, inji ma na jiƙa ta. In dai ya tarar da ita a bushe, to wannan kam ya tabbata gulbi bai fito ba." Alhaji ya yi shiru, ya gyaɗa kai.

Saura ƙofa ɗaya, ita ce wadda ta gina da hannunta. Ta ce, "Ɓarnar tana cikin rubutuna." Sai a lokacin ta buɗe kwamfuta, ta kuwa san layin da za ta dosa.

Abin da zaure ya riga ya sani

Ina kallonta, sai karatun zaure ya dawo mini. Kusan duk ɗan da ya tashi a ƙasar Hausa ya buɗe littafin Ahalari ya koyi tsarki da salla. Ba kowa ya san cewa marubucinsa, Shehu Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya wallafa Sullamu, waƙar ilimin manɗiƙi mai baitoci ɗari da arba'in da 'yan kai, a shekara ta 941 bayan Hijira ba. A cikinta akwai babin ƙiyasin istisna'i. Ana ɗaukar magana mai sharaɗi, a kira rabinta na farko muƙaddami, na biyu tali. Hanya biyu ce kawai ke haifar da sakamako. In ka tabbatar da muƙaddami, tali ya tabbata: gulbi ya fito, saboda haka fadama ta jiƙe. In ka kore tali, muƙaddami ya koru: fadama a bushe take, saboda haka gulbi bai fito ba. Sauran biyun bakarare ne. Tabbatar tali ba ya tabbatar da muƙaddami, korewar muƙaddami kuma ba ta kore tali. Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko a jami'ar Aliero, ko a Kwalejin Waziri Umaru, suna haɗuwa da hanyoyin nan biyu masu haihuwa da sunayensu na Latinanci, modus ponens da modus tollens, da haruffan P da Q a kan allo. Tufafi ne suka bambanta.

Jera ƙofofi da rufe su ɗaya bayan ɗaya ma ba baƙo ba ne. Malaman usulul fiƙhi suna kiransa sabru da taƙsimi: a tattaro duk abin da zai iya zama dalilin hukunci, a gwada kowane, a zubar da wanda bai tsaya ba, wanda ya rage shi ne. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, wani masanin Girka mai suna Kirisifus ya jera irin waɗannan ƙa'idoji, har ya buga misali da karen farauta. Kare ya biyo sawun nama ya iso mararraba mai hanya uku, ya sunsuna ta farko babu, ya sunsuna ta biyu babu, sai ya zabura ta ukun ba tare da ya tsaya sunsunawa ba. Maharbanmu ba za su yi mamakin wannan kare ba.

Ilimin manɗiƙi yana da tsohon mai kare shi a wannan ƙasa. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma zauna a Katsina, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi. Suyuɗi yana hana karanta shi, Maghili yana kare shi, har ya yi masa waƙa ta musamman da aka riƙa karantawa a Timbuktu. Daga baya, a 1854, George Boole ɗan Ingila ya mayar da "kuma" da "ko" da "ba" lissafi mai lamba biyu kacal, ɗaya da sifili. A 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya yin wannan lissafi. Duk wayar da ke aljihun manomi a yau a kan wannan aka gina ta. Shi ya sa manɗiƙi ke kama kuskuren manhaja kamar yadda homa ke kama kifi: don shi aka saƙa ta.

"Ko" da ta zauna a gurbin "kuma"

Ta bi sawun a baya-baya. In saƙo ya fita, sunan mutum yana cikin jerin masu bashi. In sunansa yana cikin jerin, sharaɗin shiga jerin ya tabbata a kansa. Ke nan in saƙo ya fita, sharaɗi ya tabbata. Saƙo ya je wa Baba, saboda haka sharaɗin ya tabbata a kan Baba, alhali bai kamata ba. Ta karanto layin, ta fassara mana shi da Hausa: a aika wa wanda bai biya kuɗi ba, ko bai kawo shanshera ba.

Kunne ba zai ji aibu a wannan jimla ba. Sai ta zana gida huɗu a takarda, don manoma iri huɗu ne kawai za a iya samu. Wanda ya kawo kuɗi da shanshera duka, layin ya ƙyale shi, daidai ne. Wanda bai kawo ko ɗaya ba, layin ya kama shi, daidai ne. Wanda ya kawo shanshera zalla, irin Baba, bai biya kuɗi ba, kuma "ko" rabi ɗaya ya ishe ta, sai ta kama shi. Wanda ya biya kuɗi zalla ma haka. Nan take asirin ya tonu, har da dalilin da ya sa wasu masu biya suka tsira: su ne waɗanda suka haɗa kuɗi da shanshera.

Ƙa'idar da ta taka tana ɗauke da sunan Augustus De Morgan, malamin lissafi a Landan a ƙarni na 19, amma harshen Hausa yana nuna ta a fili fiye da alamomin allo. Dokar ƙungiya cewa ta yi: wanda bai kawo kuɗi ko shanshera ba. Dubi yadda "bai" da "ba" suka rungume abubuwan biyu kamar hannuwa. In kana son ka raba korewar, kowane ya sami tasa, dole "ko" ta koma "kuma": bai kawo kuɗi ba, kuma bai kawo shanshera ba. Ita ta raba korewar, ta bar "ko" a zaune. Kalma ɗaya ce ta kusa ɓata sunan yaro a gari.

Ta tashi ta je gaban dattijon ta durƙusa. "Baba, kuskurena ne. Buhunanka suna nan cif, magatakarda bai taɓa ko ƙwaya ba." Ta faɗi wannan da murya yadda kowa zai ji.

In hujja ta ci karo da ido

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce ta iya karatunta. Abin da ya biyo baya ne ya sa na ce ta iya sana'ar. Bayan ta gyara layin, ba ta aika saƙo ba. Ta sa manhajar ta fitar da jerin sunaye kawai, ta miƙa wa magatakarda ya gwada da littafin awo. Ya bi da yatsa, ya tsaya a kan suna ɗaya. "Anti, wannan ya kawo. Ni na auna masa."

Ga magana uku, kowace da alamar gaskiya. Mutumin ya kawo shanshera. Sabon layi ba ya kama wanda ya kawo shanshera. Ga sunansa a jeri. Ukun ba za su taru su zama gaskiya ba. Mai gaggawa zai ce kwamfuta ce ta rikice, ya goge sunan da hannu, ya wuce. Ita kuwa cewa ta yi, "Ƙa'ida ba ta ƙarya. In sakamako ya ci karo da abin da ido ya gani, akwai wata magana da na ɗauka gaskiya ce ban bincika ba." Ta koma kan takardarta tana neman abin da ba ta rubuta ba don ganin ya fi ƙarfin a rubuta. Ta same shi: ta ɗauka kowane manomi rajista ɗaya gare shi. Sunan wannan bawan Allah yana farawa da ɗ mai lanƙwasa. Ranar ba da rance an rubuta shi daidai a kwamfuta. Ranar awo an rubuta shi da d miƙaƙƙiya a wayar da ba ta da haruffan Hausa. Manhaja ta ɗauke shi mutum biyu, ɗaya ya ci bashi bai biya ba, ɗaya ya biya bai ci ba. Ƙofofin ashe biyar ne. Daga ranar kowane manomi ya sami lambar rajista, aka daina dogara da suna.

Irin wannan ɓoyayyen zato ya kayar da manya. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko, da taurarin ɗan Adam huɗu a cikinta. Bincike ya gano an ɗauko wani ɓangaren manhajarta daga Ariane 4, tare da zaton cewa wata lamba mai alaƙa da gudun roka ba za ta wuce gurbin da aka tanadar mata ba. Zaton gaskiya ne a tsohuwar roka. A sabuwar, wadda ta fi saurin karkata da gudu, lambar ta cika gurbin ta tumbatsa. Ƙa'idojin manɗiƙi suna ɗaukar ka daga gaskiya zuwa gaskiya, amma in ka ɗora musu ƙarya, za su kai ta har gida da aminci. Gwani shi ne mai tuhumar abin da ya ɗora kafin ya tuhumi abin hawa.

Saboda wannan ne ma masu sana'ar ba sa ruɗuwa da gwajin da ya yi kyau. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya shahara da jan hankali cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu shi. Maganar Sullamu ce a sabon zance. In manhaja daidai take, za ta ci gwaji. Ta faɗi gwaji, ta tabbata ba daidai take ba. Ta ci gwaji, an dai tarar da fadama a jiƙe. 'Yar ƙanwata ta gwada manhajarta kafin ranar, amma da manoma iri biyu kawai, mai duka da marar komai, su ne kuwa gidaje biyun da kuskuren ba ya leƙawa.

Haka kuma kore tali ke ba su saurin da mai kallo zai ɗauka sihiri ne. In manhaja tana lafiya a da, yau ta lalace, kuma an yi mata gyare-gyare 1,000 a tsakani, ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba. A gwada na tsakiya. Da ɓarnar ta shigo kafin nan, da an gan ta a nan. Ba a gani ba, rabi ya tafi. A sake raba saura biyu. Gwaji 10 sun isa a kama gyaran da ya kawo ta, domin ɗaya in aka riƙa ninka ta biyu har sau 10 tana ba da 1,024. Manhajar Git, wadda masu rubuta manhaja ke adana tarihin aikinsu a ciki, tana da umarni na musamman don wannan farauta.

Abin da nake girmamawa

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ban san wata sana'ar zamani da ta riƙe wannan magana kamar wannan ba. Mai farautar ƙwaro yana zato, amma ba ya hukunci da shi. Yakan mayar da kowane zato magana mai "da", ya tambayi kansa me zai gani in zaton gaskiya ne, sannan ya je ya duba da niyyar karya shi. Yana sa sunansa cikin jerin waɗanda ake tuhuma, in layi ya zo kansa ba ya kauce wa. Ana koyon alamomin a zango ɗaya na karatu. Wannan hali kuwa sai an yi ta horar da zuciya.

Buƙatarsa kuma ƙaruwa take yi. Albashi, sakamakon jarrabawa, bashin taki, rajistar asibiti, duk suna komawa hannun manhaja, kuma mutane sun fi saurin gaskata waya a kan ɗan'uwansu. In babu masu iya tsayawa su bi hujja ƙofa-ƙofa, kuskuren na'ura zai riƙa sauka a kan wanda ya fi kowa rauni a wurin, kamar yadda ya kusa sauka a kan yaron sito. Ina fatan ganin ranar da malamin da ke karantar da Sullamu a zauren Gwandu ko Argungu zai zauna tabarma ɗaya da mai koyar da harshen rubuta manhaja na Python, ɗalibansu su gane darasi ɗaya suke yi.

An kira magariba tana rubuta gwaje-gwaje biyar, huɗu na gidajen nan huɗu, na biyar na suna mai lanƙwasa, don duk ranar da aka taɓa manhajar su fara tashi su tsare ƙofa. Dattijon ya miƙe zai tafi masallaci, ya biya ta wurin magatakarda, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, gobe da safe ina da sauran buhu uku. Kai za ka auna mini."